Farantin Bayan Inji

Nguru

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya sauke ku Gashuwa lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya sa ku shiga garin a sa'a. Na ce maka kada ka buɗe ta sai kun wuce Jajimaji, kuma ina fata ka ji magana, don akwai abin da ke cikinta wanda ba na so ka karanta alhali kana iya saukowa ka dawo ka kalle ni.

Ka san ubanka. Aji uku na yi a sakandare na fito. Babanmu mutumin Haɗeja ne, busasshen kifi ya kawo shi Nguru, har ya bar duniya bai taɓa riƙe cizal na feren katako ba, saboda haka ba gado na yi ba. Babu wanda ya koya mini sassaƙa. A Kano na tsaya a bakin wani shago kwana huɗu ina kallon yadda inji yake juya katako ana fere shi, ba wanda ya ce mini ga wuri zauna. Na dawo gida da hoton abin a kaina. Gindin injin nan ni na yanka ƙarafansa na jera. Motar lantarkin da ke ja masa bel ta wani injin niƙa ce da ya ƙone, sau uku ina warware wayarta ina sake naɗawa kafin ta tashi. Shaf ɗin da ke juyawa a tsakiyarsa, da farantan ƙarfe biyu da ake ɗaure itace a kansu, a wurin 'yan gwangwan na tono su cikin tarin ƙarfe, na ɗauko su a ka har tasha. Ni na fara fitar da ƙafar gado mai gaɓa-gaɓa a garin nan, lokacin da kowa sai ya aika Kano. Da injin nan na gina gidan da aka haife ka a ciki, na kai kakarka Makka, na sa ku huɗu makaranta har kuka gama abin da ni ban gama ba. Babu ɗan'uwa ko mai kuɗin da zai ce ya tallafa mini da ko ƙusa ɗaya. Wannan ba alfahari ba ne, abin da ya faru ke nan.

Da hantsi nake rubuta maka, a shago. Tun jiya da a-kori-kura ta yi gaba da injin, abin da ya rage ramuka huɗu ne a siminti da tabon baƙin mai a tsakaninsu. Na share garin katakon tas, na sake sharewa, daga nan na rasa abin yi. Mai shayin gefenmu ya leƙo ya ce layin ya yi kamar an yi rasuwa. Ban yi nadamar ba ka shi ba. Kafaɗata ta gama aiki, kuma Gashuwa ta fi nan samun masu saye, ga mutanen Jakusko, ga na Dapchi, duk can suke zuba kayan aure. Amma kunnena bai san da wannan lissafin ba, har yanzu jira yake ya ji bel ya ɗauka.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Babban farantin nan da ke bayan injin, a ƙarshen shaf ta waje, wanda ka tashi ka gan shi a wurin. Ka sha tambayata me ya sa ba ma cire shi kamar na gaba, nakan ce maka da gangan na bar shi, nauyinsa yana daidaita juyi. Ƙarya na yi maka, Abba. Ƙin fita ya yi. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana maƙale, kuma ni na jawo.

Da zan iya tafiya kabari da maganar nan da na tafi da ita. Abin da ya hana shi ne boris ɗin baya, wanda shaf yake juyawa a cikinsa, ya fara kuka. Kai ma ka ji shi, kukan nan siriri da yake yi in ya ɗauki zafi. Ba zai kai ku ƙarshen damina ba. Ba a sauya boris sai an zare shaf, shaf kuwa ba zai zaru ba sai farantin nan ya fita. Na kuma san halinka, don nawa ne. Za ka ɗauki guduma, in ta gaza ka kira mai walda ya sa masa wuta. Shaf ɗin nan in ya lanƙwashe ko da kaurin silin gashi ne, ƙafar gado ba za ta sake fita daidai a kansa ba har abada. Na nemi irinsa a Kano, na nema a Maiduguri, babu. Ranar da ya lalace, abin da kake da shi a baƙon gari tarin ƙarfe ne, ga mace a hannunka. Saboda haka ka karanta a hankali, zan gaya maka yadda na yi, don kada ka bi sawuna.

Da damina ne, shekara uku bayan an ba mu jiha. Ranar kasuwa wani Arɗo daga wajen Yusufari ya sauke mini gungumen ɗanyar kanya a ƙofar shago, ya ce akushi yake so wanda mutum takwas za su zagaye, zai aurar da ɗansa. Gungumen ya fi ƙarfin gaban injin, in na ɗaura shi a nan zai daki gindi. Dole sai ta baya, inda babu abin da zai tare shi. Ni kuwa tun da na haɗa injin ban taɓa amfani da bayan ba, babban farantin yana rataye a bango yana shan ƙura.

Mutane suka taru, ka san ranar kasuwa. Fulani, masu kifi, 'yan kallo. Abin da ya kamata in yi shi ne in kashe inji, in goge haƙoran shaf, waɗanda faranti yake hawa kamar noti, in murɗa farantin da hannu har ya zauna. Sai na ga idanu a kaina. Na bar injin yana gudu, na ɗauki farantin da hannu biyu na kara shi a bakin shaf. Ya fizge shi daga hannuna, ya haɗiye, ƙaf! Wurin ya ɗauki sowa. Arɗo ya ja da baya yana salati, ya ce wannan ba inji ba ne, aljani ne. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Ban sa mai ba, ban sa komai tsakanin ƙarfe da ƙarfe ba. Kwana uku ina feren akushin, ruwan ɗanyen itace yana gangarawa cikin haƙoran. Akushi ya fito abin kallo, Arɗo ya ɗaura a raƙumi ya tafi. Na ce gobe zan cire farantin. Goben nan ta kai kwana arba'in, a lokacin da fadama ta cika, komai a garin nan yana gumi, har gishiri yana narkewa a kwano.

Kai kada ka taɓa ɗaura faranti inji yana gudu, ko na gaba ko na baya, ko Gashuwa ce gaba ɗaya ta tsaya tana kallonka. Hannunka ne ya kamata ya san hanyar da ƙarfe ya bi ya shiga, don shi zai fito da shi. Ni nawa hannun bai sani ba, inji ne ya murɗa mini. Ka goge haƙora da tsumma, ka ɗiga baƙin mai. Ka je wurin dukawa su yanka maka zoben fatar akuya, ka sa shi tsakanin faranti da kafaɗar shaf, kada ƙarfe ya ciji ɗan'uwansa. Ranar da ka gama aiki, ranar za ka cire, musamman in itacen ɗanye ne. Kuma ka lura da kanka in mutane sun taru. Duk ɓarnar da na yi a rayuwata, da wuya ka sami wadda na yi ni kaɗai a ɗaki.

Da na zo cirewa ya ƙi motsi, sai na yi abin da kowane mai fushi yake yi. Na zura guntun rodi a ramin fuli, inda bel yake hawa, don shaf ya tsaya, na ɗauki babbar guduma na dinga dukan gefen farantin. A bugu na nawa ne ban sani ba, rodin ya ɓalle gefen fulin. Giɓin nan da kake gani, wanda na ce maka haka na sayo shi, aikina ne. Allah ne Ya rufa asiri shaf bai tafi ba a ranar. Ƙarfe ba ya dukan ƙarfe a jikin injin nan, ka riƙe wannan. Kuma in ka ji zuciyarka ta fara tafasa a kan aiki, ka ajiye kayan, ka je ka yi alwala ko ba lokacin salla ba ne.

Yanzu zan zo kan wadda ta fi ci mini rai.

Ba lallai ka tuna Baba Bukar sosai ba. Babarbare ne, dogo, tsohon makanikin jirgin ƙasa, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Tun da ya bar aiki, kullum bayan la'asar sai ya zo ya zauna a bencin shagon nan, ya kwance ƙullin goronsa, ya ɓara ya miƙo mini rabi. Shekara goma muna haka. Bai taɓa kirana da sunana ba, Afuno yake ce mini, yadda suke kiran Bahaushe, ni kuma in ce masa Babarbare mai gardama. Yakan ce ƙarar injina ce kaɗai a garin nan take tuna masa da aiki. Ban yi aboki kamarsa ba, kafinsa ko bayansa.

Ranar da nake dukan farantin ya iso ya tarar da ni cikin gumi, guduma a hannu, ga tela da mai shayi da wasu 'yan layi sun zagaye ni kowa yana kawo shawara. Ya zauna, ya ɓara goro, ya kalle ni.

Ya ce, "Afuno, me ƙarfen nan ya ci maka?"

Na ce, "Ƙin fita ya yi."

"To ina kake kora shi?"

"Hagu mana. Ina ake kai noti in za a kwance shi?"

Ya tashi a hankali, ya zagaya bayan injin, ya juya shaf da hannu, ya leƙa, ya sa farce ya bi ɗan haƙorin da ya rage a waje. Sannan ya ce, "Ɗaure shi kake ƙara yi. Na baya ba irin na gaba ba ne, haƙoransa a juye ake yanka su, don kada ya kwance kansa in inji na gudu. Dama za ka kai shi."

A hankali ya faɗa, wallahi, ba don ya kunyata ni ba. Sai tela ya tafa hannu ya ce, "Kai jama'a, yau mai inji ya gamu da malaminsa!" Aka kwashe da dariya. Dariyar nan ce ta hau mini ka.

Na ce, "Baba, jirgin da kuka yi shekara talatin kuna gyarawa yana ina? Wata nawa rabon da mu ji kukansa a garin nan? Da kun iya gyara ai da bai mutu a hannunku ba. Wannan ni na haɗa shi, ba Bature ne ya tafi ya bar mini ba."

 Na san inda na soka, don na sha ganin mutumin nan yana tsayawa a bakin tashar jirgi yana kallon ciyawar da ta fito tsakanin layuka. Ya ɗaure goronsa, ya zura takalmi. Sannan ya ce, "Gaskiyarka, Idi. Injinka ne."

Idi ya ce. Ran nan ne ya fara kirana da sunana, kuma bai sake zama a bencin nan ba. In mun haɗu a masallaci mu yi musabaha kamar baƙi. Ni kuwa mako guda na ƙara ina dukan farantin nan hagu, da dukkan ƙarfina, don kawai ya fita in aika a gaya masa. Da shekara ta zagayo 'yarsa da ke aure a Gashuwa ta zo ta tafi da shi. Layinmu kaf sun raka shi tasha. Ni na tayar da inji na sa itacen da ba kowa ya ba ni aikinsa ba, ina ferewa har motar ta tashi.

Abba, za ka zauna cikin Badawa da Barebari da Fulani, kai ne baƙo. Za a gyara maka magana, za a gyara maka aiki, wani lokaci a gaban mutane, wani lokaci wanda bai kai ka ba ne zai gyara. Ka ce to, ka gwada abin da aka faɗa, in bai yi ba ka yi shiru, ba ka rasa komai ba. Da na ɗaga gudumar nan sau ɗaya na buga dama a ranar, da ƙila farantin ya fita kafin magariba, mu yi dariya, ya tsokane ni wata guda, shi ke nan. Kuma duk fushin da za ka yi, kada ka taɓa wa mutum aikin da ya ba wa ƙuruciyarsa. Zagin uwa ma ana yafewa kafin wannan.

Shekara uku na yi ina gaya wa kaina tsufa ne ya ruɗa Baba Bukar. Sai wata rana na je tasha karɓar katako, na tarar da makaniki yana cire tayar wata babbar motar kanwa, ta ɓangaren hagu. Ya hau kan sifana yana taka ta, sai na ga dama yake kai ta, notin kuma yana kwancewa. Na ce masa, "Kai, ba ɗaurewa kake yi ba?" Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Na wannan gefen haka suke, Malam, a juye. Kowa ya sani." Kowa ya sani. Na baro katakon a can na dawo gida, aka kawo abinci na kasa ci.

Mahaifiyarka kaɗai na gaya wa, Allah Ya jiƙanta. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "To ai Gashuwa ba Makka ba ce, Malam. Mota nawa take tashi kullum?" Na ce sai na fitar da farantin tukuna, in je masa da shi a hannu. Ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin da layin yake rufewa, na kulle ƙofar waje, ta shigo ta ƙofar cikin gida. Shekararmu ashirin da aure, ran nan ne ta fara taka cikin shagon. Na naɗa tsohon bel a jikin fuli na ba ta ta riƙe. Har yau ina ganin hannunta, da jan lalle, ta dafe ƙafa a gindin inji kamar mai jan guga. Na buga dama. Bel ya zame daga hannunta ta zauna daɓas a cikin garin katako. Na tsorata, sai na ga dariya take yi har da hawaye.

Ta ce, "Malam, yau na ga abin da ya fi ka taurin kai. Ban zaci akwai shi a duniya ba."

Na ce, "Tashi ki sake riƙewa."

Ta ce, "Ko na riƙe har Sallah ba zai fita ba. Ka yi ta ɗaure shi, ga shekara uku tsatsa ta gama nata. Wannan aikin maza uku ne. Leƙa ka kira tela da mai shayi."

Na ce tela ba zai ga wannan ranar ba. Ta karkaɗe zaninta, ta dube ni, ta ce, "To Allah Ya ba ka haƙurin zama da shi." Ta koma ciki. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko ku. Sai dai duk ƙaramar Sallah, in tana miƙo mini hula, takan ce, "Bana za ka je Gashuwa?" In ce bana aiki ya yi yawa. Sau huɗu ta tambaya. A ta biyar babu mai tambaya.

Matarka yarinya ce mai hankali, na lura da ita. In ta gaya maka abu sau biyu, ka tsaya ka duba, kada ka jira na uku. Ba lallai ta san ƙarfe ba, amma za ta san ka fiye da yadda ka san kanka. Kuma aikin da yake na mutum uku, ka kira mutum biyu. Na yi shekaru ina ganin neman hannu raguwa ce, ga inda ya kai ni.

Ga yadda za a fitar da shi. Shekara takwas ina tsara wannan a kaina, in na kwanta in na tashi, ban dai gwada ba.

Ka cire waya daga wuta, ka sauke bel daga mota. Ku kishingiɗar da injin bayansa ya kalli sama. Ka zagaye inda faranti ya haɗu da shaf da kakin zuma, ya zama kamar ɗan kwano, ka zuba kananzir da ɗan man birki. Safe da yamma ka ƙara, kana ɗan ƙwanƙwasa wuyan farantin da guntun itace don man ya sami hanya. Kwana bakwai, kada ka gaji ka ce biyar ta isa. Ran na takwas ka sami sandar aduwa busasshiya, tsawon hannu ɗaya da rabi, ka huda ta ka ɗaure ta da noti a ramukan farantin, ta gitta shi. Ita za a daka, ba farantin ba. Fuli kuwa kada ka zura masa komai, tsohon bel za a naɗa masa a murɗe da sanda, ƙaƙƙarfan mutum ya riƙe. Ka goge kananzir ɗin nan sarai, ka bari ya bushe, kafin wuta ta matso kusa. Sannan a sa garwashi a gwangwani a kara a wuyan farantin, shi kaɗai, shaf kuma a naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma ya zauna da sanyinsa. Zafin da in ka ɗiga ruwa zai yi cuu ya isa, kada ya kusa yin ja. Sai ka tsaya kana fuskantar farantin, ka ɗauki taɓarya, ka daki ƙarshen sandar zuwa dama, yadda hannun agogo yake tafiya. Bugu ɗaya mai kaifi, ba turawa ba. In ka yi uku bai motsa ba, ka ajiye, ka mayar da mai, sai gobe. Ya jira shekara goma sha ɗaya, kai ma za ka iya jiran mako biyu.

Amma duk wannan kada ka fara ko ɗaya sai Baba Bukar yana wurin.

Yana raye. Direban da ke kawo mana kifi ya gaya mini yana unguwar Katuzu cikin Gashuwa, a gidan mijin 'yarsa, idonsa ya yi rauni amma yana fitowa ƙofar gida da safe. Mutumin nan in ya ɗora hannu a kan ƙarfe aka ƙwanƙwasa, yana jin abin da ni da kai ba ma ji. Shi zai ce maka buga, shi zai ce maka dakata. Ka je a makon farko, kada ka ce sai ka kimtsa, don shekarunsa ba na jira ba ne. Ka sayi farin goro manya, shi yake ci, ba ya son ja. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce kai ɗan Afuno ne mai inji na Nguru. In ya yi shiru ka bar shi ya yi shirunsa. Sannan ka ce masa, Idi ya ce dama ne. Haka kawai za ka faɗa, zai gane. In ya tambaye ka bencin, ka ce yana nan inda ya bar shi.

Na san abin da za ka ce, me ya hana ni shiga motar nan tare da ku in faɗa da bakina. Tun da aka sa ranar tafiyarku nake tambayar kaina. Tsoro nake ji, Abba. Ina tsoron in tsaya a gabansa ya ce mini sannu da zuwa Malam Idi, ya sa a kawo mini ruwa kamar baƙo. Wannan ba zan iya ɗauka ba. Amma in ya karɓi saƙon, in ya yarda zai zo, ka ba direban kifi takarda ya kawo mini, ka faɗi ranar. Zan zo. Kai za ka buga, shi zai ba da umarni, ni zan riƙe bel da kafaɗar da ta rage mini, kuma duk wanda yake so ya tsaya ya kalla.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba, bari in faɗa tun biro yana hannuna. Hannunka ya fi nawa laushi a kan cizal. Gaɓoɓin da kake fitarwa sun fi nawa tsafta, na daɗe da gani, nakan ɗauka in juya in ce ba laifi. Da akwai laifi da ka ji. Gidan zai yi mini faɗi. Ƙannenka suna nan, ba za a bar ni da yunwa ba, amma ba wanda zan yi wa faɗa a kan wasa cizal.

Allah Ya yi maka albarka, Ya albarkaci hannunka da abin da zai fito daga cikinsa. Allah Ya tsare yatsunka da idanunka, Ya kare ka daga tsautsayin inji da na hanya da na kogi. Ya haɗa ka da maƙwabta nagari, Ya zaunar da ku lafiya kai da iyalinka, Ya jiƙan mahaifiyarka, Ya ba Baba Bukar lafiya da nisan kwana har mu gana. Ka riƙe salla a kan lokaci ko da itace yana kan inji. Ka gaishe da surukanka.

Saura abu ɗaya, kuma wannan ba shawara ba ce, umarni ne. A Gashuwa ba wanda ya san ni. Nan da shekara goma za a ce injin Abba, nan da ashirin wani ya ce daga kamfani aka sayo shi. Ban yarda ba. Baba Bukar yana da wani ɗan akwati na haruffan ƙarfe tun na zamanin aikinsa, waɗanda ake dafawa a buga su fito a jikin ƙarfe. Na san bai yar ba. In farantin ya fita, kafin a mayar da shaf, ina so a buga sunana a gindin injin, ta gaba, inda duk wanda ya shigo shago zai gani. Ba fenti ba, fenti yana gogewa. Shi zai dafa harafi, in idonsa bai gani ba ka kama masa hannu, kai ka buga. Kada a taƙaita, kada a rage ko harafi ɗaya. Ga abin da za a rubuta:

IDRISU HALADU NGURU SHI YA HAƊA SHI